Ƙarfen faɗaɗa ganɗar yaro: mai mabuɗi, mai waya, ko faranti na cirewa?

Ƙanwata ta zo daga Tawa da ɗanta mai shekara 8, suka sauka gidana a nan Yamai. Turmi ɗaya ne ke damun yaron, shi ya kawo su wajen likitan haƙori. Da suka dawo da la'asar na ga fuskarta ba kamar yadda ta fita ba. Likita ya cike turmin, amma ya ce babbar maganar ba a nan take ba: muƙamuƙin yaron na sama ya yi ƙunci, haƙoran sama na gefen dama suna faɗawa cikin na ƙasa maimakon su rufe su ta waje, kuma ya kamata a faɗaɗa. Ya lissafa mata hanyoyi uku, ya ce ta je su yi shawara da maigidanta.

"Yaya," in ji ta, "ke da kika riga ni shiga wannan, wanne zan ɗauka?"

Na riga ta shiga, gaskiya ne. Shekara biyu da suka wuce an sa wa ɗiyata ta fari irin mai mabuɗi, tana da shekara 11, kuma da hannuna na riƙa juya shi. Ɗan maƙwabciyata kuma ya yi fama da na cirewa a gaban idona. Mai wayar ban taɓa zama da shi a gida ba, amma na yi tambaya a kansa sosai tun lokacin da ake zaɓar wa ɗiyata. Abin da na faɗa wa ƙanwata a daren nan shi ne nake rubutawa, don na san akwai iyayen da ke fita daga ɗakin likita da kalmomin Faransanci uku a takarda, ba su san ta ina za su kama ba.

Sai an fara gane abin da ake faɗaɗawa, in ba haka ba tsoro ne zai yi zaɓin. Surukata da ta ji labari cewa ta yi, "Wa ya taɓa ganin an tsaga ƙashin bakin yaro da ransa?" Ba ta yi laifi ba, ni ma haka na fara ji. Amma rufin bakin yaro ba ƙashi ɗaya ba ne dunƙule. Guda biyu ne, na dama da na hagu, sun haɗu a tsakiyar ganɗa ta wani ɗinki da bai gama ƙafewa ba, irin wanda ke tsakanin ƙasusuwan kan jariri. In an matsa wa gefen biyu da ƙarfi daidai gwargwado, ɗinkin yana buɗewa kaɗan kaɗan, jiki kuma ya cike wurin da sabon ƙashi. Ba a yanka, ba a zubar da jini. Ɗinkin nan yana ƙara sarƙewa yayin da yaro ke balaga, ga ƴan mata ma ya fi saurin yi, shi ya sa shekarun yaro suke gaba da komai a wannan shawara. Aikin kuma ba sabo ba ne. Wani likita a San Faransisko ta Amurka, Emerson Angell, ya rubuta a 1860 cewa ya buɗe ganɗar wata yarinya mai shekara 14 da sukuru, abokan aikinsa suka ƙi yarda. Sai da wani likitan, Andrew Haas, ya dawo da maganar a 1961 da hujjoji sannan ta zauna, tun daga nan ake yi a duniya.

Abin da ke sa a yi shi mafi yawa shi ne irin na ɗan ƙanwata: cizon da ya saɓa, har yaro ya riƙa karkatar da muƙamuƙin ƙasa gefe ɗaya kafin haƙoransa su zauna. In ka tsaya gabansa ka ce ya rufe baki a hankali, za ka ga haɓarsa ta ɗan zame. Wani lokaci kuma wuri ne babu, sababbin haƙora na fitowa bayan famfara suna hawa kan juna. Tsotson yatsa da ya daɗe, da numfashi ta baki shekara da shekaru, suna cikin abubuwan da ake dangantawa da ƙuncin.

Na farko, mai mabuɗi. Likitoci a nan da Faransanci suke kiransa "disjoncteur", sunan da muka saba ji a akwatin wutar lantarki, amma babu abin da ya haɗa shi da wuta. Zobba ne na ƙarfe da ake liƙa wa turamen sama, galibi turamen dindindin na farko waɗanda ke fitowa wajen shekara 6, da sanduna da suka haɗu a wani sukuru a tsakiyar ganɗa. Yaro ba ya iya cire shi. Akwai wanda ƙarfe ne zalla, ana ce masa Hyrax, akwai kuma na Haas mai ƴan faifan roba da ke kwanciya a kan ganɗa. Na ƙarfe zalla ya fi sauƙin wankewa, shi aka sa wa ɗiyata.

Sukurun yana da ƴan ramuka. Ana zura mabuɗi a ramin da ke gaba, a tura shi baya wajen maƙogwaro har wani ramin ya bayyana, sannan a zare mabuɗin ba tare da an jawo shi gaba ba. Juyi ɗaya ke nan, kuma yana buɗe kusan rubu'in milimita, wasu sukuran 0.2. Likita ne ke faɗin sau nawa a yini, galibi ɗaya ko biyu, na tsawon sati biyu zuwa huɗu. Mu juyi 28 aka rubuta mana, biyu a yini, wato milimita 7 cikin kwana 14. A ido milimita 7 ba komai ba ne, bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, amma a cikin baki wuri ne mai yawa.

Ranar farko hannuna rawa yake. Na kwantar da ita a kan gado, kanta a bakin katifa, babanta na riƙe da fitilar salula. Na zura, na tura, ban kai ƙarshe ba na zare. Da dare da na zo juyi na biyu sai na rasa ramin, don bai gama fitowa ba. Hankalina ya tashi. Washegari likita ya nuna mini cewa sai dai in koma ramin baya in ƙarasa turawar da na bari rabi. Wannan shi ne kuskuren da ya ce iyaye sun fi yi, kuma tun daga ranar ban sake ba. Na sami kaye na ja layi, duk juyin da na yi in sa alama nan take, don a gidan da ake da yara biyar da girki da baƙi, ba a dogara da tuni. Mutum ɗaya ya kamata ya riƙe mabuɗin. In uwa ta juya da safe, uba ma ya juya bai sani ba, lissafi ya ɓace. Mabuɗin namu mai mariƙin roba ne dogo. In aka ba ku ɗan guntun waya ne, ku ɗaura masa zare ku naɗa a wuyan hannu don kada ya suɓuce cikin maƙogwaro.

Zafi fa? Ɗiyata ba ta kira shi ciwo ba. Cewa take yi wani abu na danna mata karan hanci da ƙasan idanu, minti kaɗan ya wuce. Kwana uku na farko sun fi nauyi, na ba ta farasitamol sau biyu bisa awon da likita ya rubuta, daga nan ba ta sake nema ba. Juyin dare bayan cin abinci ya fi mana daɗi, don tana kwanciya barci ya ɗauke sauran.

Sai wushirya. Wajen kwana na shida haƙoranta biyu na gaba suka fara rabuwa, kafin a gama har ana iya zura tsinken ashana a kwance. Iyaye da yawa a nan suke firgita, alhali ita ce shaidar cewa ƙashin ne ya buɗe, ba haƙora kaɗai suka karkata ba. A wajenmu abin ya zo da sauƙi, tunda wushirya ado ce; kakarta da ta fi kowa adawa ita ta fara yi mata kirari. Yarinyar har ta so ta zauna. Ba ta zama ba, cikin ƴan makonni haƙoran suka komo da kansu suka haɗe, haka kuma ake sa ran ya faru.

Abin da ba a cika jaddada wa iyaye ba shi ne cewa gama juyi ba gama aiki ba ne. Ana kulle sukurun, a bar ƙarfen a baki wata uku zuwa shida, wani lokaci fiye, har sabon ƙashi ya yi ƙwari. In aka cire da wuri ganɗar na iya komawa. Namu wata shida ya yi. Saboda haka mai mabuɗi wahalarsa a tattare take: sati biyu ko uku na tsananin kula, da zuwa wajen likita kusan kowane mako, sannan dogon zama wanda ba ya neman komai sai tsabta da leƙawa jefi jefi. Shi ne kuma ya fi buɗe ƙashin kansa. Ga yaron da ƙuncinsa ya yi yawa, ko wanda ya kusa balaga lokaci na ƙure masa, ban ga abin da zai tsaya a madadinsa ba cikin ukun nan.

Na biyu, mai waya, wanda za ku gani an rubuta "quad hélix". Shi ma liƙe yake a turame biyu da zobba, amma babu sukuru, babu mabuɗi. Waya ce ta ƙarfe mai kauri kusan milimita ɗaya, an murɗa ta zagaye huɗu, ta bi siffar ganɗa. Likita yana buɗa ta kaɗan kafin ya liƙa, sai ta riƙa neman komawa faɗinta, tana tura haƙora waje dare da rana da ƙarfi mai sauƙi. Bayan sati huɗu zuwa takwas a koma ya duba, in da bukata ya ƙara buɗawa. A gida babu abin da uwa za ta yi sai wanki.

Tafiyarsa a hankali ce, watanni ne ba makonni ba, kuma wushirya ba ta cika fitowa ba. Yawancin aikinsa a kan haƙora ne da ƙashin da ke riƙe da su. A ƙananan yara da ɗinkinsu ke da taushi yana ɗan buɗe ƙashin ma, amma bai kai mai mabuɗi ba. Yana kuma iya juya turmin da ya fito a karkace, abin da sauran biyun ba su ƙware a kai ba. Damuwarsa ita ce harshe: wayar na barin shaida a bayan harshe, wani lokaci ta yi ɗan gyambo kafin a saba, kuma yaro mai wasa da ita da yatsa yana iya lanƙwasa ta ko ya karya.

Akwai hujja mai ƙarfi a bayansa. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitoci tana auna ingancinsa, ta sake bitar wannan magana a 2021. Ga yara masu shekara 7 zuwa 11 da cizonsu ya saɓa a gefe, ta samu cewa mai waya da faranti na cirewa duk sun fi a bar yaro haka nan, amma mai waya ya fi faranti cin nasara, kuma ya fi shi saurin gamawa. Ga masu shekara 12 zuwa 16 kuwa ba ta ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin Hyrax da Haas, don haka kada wannan ya hana ku barci.

Na uku, faranti na cirewa. Roba ce mai tauri da aka zuba daidai ganɗar yaro, an raba ta biyu da ɗan sukuru a tsakiya, da ƴan ƙugiyoyin waya da ke kama haƙora. Ana juya sukurun a waje da baki, a hannu, sau ɗaya ko biyu a sati. Kowa na son sa da farko. Yaro na cire shi ya ci abinci, ya goge haƙoransa sarai, babu kwantar da shi ana leƙen maƙogwaro. Sau da yawa kuma shi ne mai sauƙin kuɗi a farkon lissafi.

Amma ba ya aiki sai yana cikin baki, kuma ana son ya zauna kusan yini da kwana, a cire don ci da wanki kawai. A nan ne ɗan maƙwabciyata ya sha kashi. Yaro ne mai kunya, ɗan aji huɗu. A lakwal abokansa suka yi masa dariyar yadda yake magana, sai ya riƙa cirewa a bakin ƙofa ya sa aljihu, in zai shigo gida ya mayar. Uwar tana juya sukuru bisa ƙa'ida, faranti na faɗi, baki bai bi ba, har ranar da ya ƙi shiga sam. Aka mayar da sukurun baya aka sake farawa. Bayan nan ya naɗe shi a takarda lokacin cin abinci a gidan biki, aka share da shara. Na biyun da aka yi masa, an bar shi a mota da rana cikin watan Afrilu. Duk wanda ya san zafin Yamai a wannan wata, da ke haura 40 a inuwa, ya san abin da mota a rufe ke yi wa roba. Ya lanƙwashe. Kuɗin faranti biyu da wata takwas suka tafi, daga ƙarshe liƙaƙƙe aka sa masa.

Ba na cewa faranti ba shi da amfani. Na ga yarinya mai natsuwa da ta riƙe nata kamar abin wuyanta, ta gama lafiya. Amma uwa ta san ɗanta. In yaronki na ɓatar da takalmi da alƙalami kowane wata, kada ki ɗora wa wuyansa wannan amana. Kuma faranti haƙora yake karkatarwa fiye da buɗe ƙashi, don haka ƙunci kaɗan yake gyarawa.

Akwai hanya ta huɗu da ba a rubuta wa ƙanwata ba, amma ita maigidanta ya fara kawowa a waya: a bari ya girma mu gani. In yaro ɗan shekara 4 ko 5 ne, haƙoran nono ne zalla a bakinsa, likitoci da yawa da kansu za su ce a hana shi tsotson yatsa a jira turamen dindindin. Amma in waɗannan sun fito kuma cizon ya saɓa, da wuya ya gyaru da kansa, muƙamuƙin ƙasa kuma yana ci gaba da girma a karkace. Jira na da iyaka. Wanda ya wuce shekarun balaga sosai, buɗe ganɗarsa kan bukaci a kafa ƙananan sukura a cikin ƙashin kansa, ko a yi masa tiyata a sassauta ƙashin tukuna. Abin da zobe biyu da waya za su yi a shekara 8 ya zama aikin ɗakin fiɗa a shekara 20. Ƙungiyar likitocin jera haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a duba kowane yaro kafin ya wuce shekara 7, ba don a sa wa kowa ƙarfe ba, don a gane masu bukata da wuri.

Yanzu ga abin da littafin likita ba zai auna muku ba, wato hanya. Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Yini guda ne a bas, dawowa ma yini guda, ga kuɗin kujera biyu, ga yaro ya rasa karatu, ga gida an bari. Wanda ke unguwar Wadata ko Bukoki a nan Yamai yana iya cewa bari in leƙa wajen likita da yamma. Ƙanwata ba ta da wannan. Don haka na ce mata ta daina tambayar wanne ya fi kyau, ta tambayi sau nawa kowanne zai hau da ita mota, kuma in ya lalace tana Tawa me za ta yi.

In aka bi ta nan, mai mabuɗi yana son ku tare a Yamai na sati uku ko huɗu a jere, daga ɗaukar awon baki zuwa kulle sukuru, sannan zuwa biyu ko uku cikin watannin jira. Mai ƴan'uwa a birni zai iya, musamman a babban hutu daga Yuli zuwa Satumba. Ban ba kowa shawarar ya karɓi mabuɗi yau gobe ya kama hanyar Tawa ba, don ranakun juyi su ne ake son idon likita a kusa, shi ne zai ce ya isa a tsaya. Mai waya ba ya son dogon zama, amma yana son zuwa a kai a kai, kusan kowane wata ɗaya da rabi, har a gama. Faranti a takarda shi ya fi dacewa da na nesa, tunda a gida ake juyawa, amma shi ne kuma in ya ɓace ko ya fashe sai an zo an sake awo, a jira a ƙera, a sake dawowa karɓa. Liƙaƙƙun biyu matsalarsu zobe ya saki. In haka ta faru a daina juyi, a kira likita, kuma tun kafin ku bar Yamai ku tambaye shi ko likitan haƙori na kusa da ku zai iya mayar da zoben, ya rubuta muku takardar da za ku nuna. Ku roƙi lambar da za ku riƙa tura hoton bakin yaro ta WhatsApp. Mu ta taimake mu ko da muna gari ɗaya.

Kuɗi kuma kada ku tsaya a jakar da aka faɗa da baki. Ku ce a rubuta: hoton radiyo na haƙora, awon baki, ƙera ƙarfen, liƙawa, kowane zuwa, gyara in ya saki, cirewa, da abin riƙewa in za a sa bayan an cire. Ku tambaya kuma ko wannan mataki ne na farko da za a bi da jera haƙora nan gaba, don faɗaɗa ganɗa wuri yake samarwa, ba lallai ya jera haƙoran da kansa ba. Gara a san tsawon tafiyar tun daga tasha.

Zaman gida da liƙaƙƙen ƙarfe, ko mai mabuɗi ko mai waya, kusan iri ɗaya ne. Kwanakin farko yawu na taruwa, haɗiya na yin wuya, yaro na jan miyau da ƙara. Kunu, koko, fura da aka dama ta yi laushi, nono, tuwo mai taushi da miyar kuɓewa ko kuka, dankali dafaffe, ƙwai, ayaba, su suka riƙe mu sati na farko. Bayan nan ta koma cin abincin gida. Abin da na hana har aka cire: cingam, alawa mai danƙo, rake, goruba, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, ƙanƙara. Kilishi da tsire sai an yayyanka ƙanana. Ganye ne ya fi ba mu wahala, zogale na dambu da kwaɗo, don yana naɗewa a sukuru, haka ma taliya mai tsawo da zaren mangwaro. Dabino sai a cire ƙwallo a jiƙa.

Tsakanin ƙarfe da ganɗa akwai ɗan sarari inda abinci ke maƙalewa, in aka bar shi baki ya yi wari dasashi ya kumbura. Asuwaki yana da kyau ga haƙoran gaba, amma ba ya shiga can. Burushi mai laushi da man goge haƙori safe da dare, kurkure baki da ƙarfi bayan kowane ci, sannan sirinji marar allura da na saya a farmasi, ina cika shi da ruwa ina fesawa ta ƙarƙashin ƙarfen. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri na kwantar da dasashi. Duk ruɓaɓɓen haƙori kuma a gyara shi kafin a liƙa zobe. A wannan fanni kam faranti ya fi su duka sauƙi, a wanke shi da burushi da ruwan sanyi, kada a kusantar da shi ruwan zafi.

Magana tana canzawa, kuma yara sun fi jin wannan fiye da ciwo. Harshe ya saba taɓa hanƙa da ganɗa, yanzu ya tarar da ƙarfe. "S" da "ts" da "k" da "ƙ" da "r" duk suka rikice wa ɗiyata kwana kamar goma. A makarantar allo abin ya fi fitowa, wajen kafi da ƙafi da shinun. Na je da kaina na sami malaminsu na ce, "Allah gafarta Malam, magani ne aka sa mata a baki, a yi mata haƙuri kwana biyu." Ya sa ta riƙa biya karatunta a gabansa ita kaɗai har bakin ya saki. Karatu da ƙarfi a gida, minti goma kullum, shi ya fi saurin gyara harshen. Faranti ma na kawo wannan, har ya fi daɗewa ga mai cirewa yana mayarwa, don harshen bai samun damar sabawa.

Wata magana da nake so iyaye su yi hattara da ita: za ku ji ana cewa faɗaɗa ganɗa na maganin minshari da toshewar hanci. Rufin baki shi ne daɓen hanci, don haka in ya buɗe hanyar iska na iya ƙaruwa, wasu yara kuma suna samun sauƙi. Amma in yaro na kwana baki buɗe yana minshari, a kai shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba ko tsokar bayan hanci ce ta kumbura, ko ƙurar hunturu ce ke tayar masa da mura. Kada a sayi ƙarfe don wannan kaɗai, kada kuma a kai shi wajen wanzami a ce beli ne. Yaro mai sikila, ko ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, a faɗa wa likita tun zaman farko. Bayan an sa kuma, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kumburin fuska, zazzaɓi, ƙarfe ya nutse cikin naman ganɗa, ko an yi kwana goma ana juya mai mabuɗi ba alamar wushirya, duk dalilai ne na a dakata a kira likita.

Da na gama, ƙanwata ta yi shiru, sannan ta ce, "To Yaya, in ke ce?"

Na ce mata ɗanta shekararsa 8, likita ya ce ƙuncin ba mai tsanani ba ne, gefe ɗaya ne ya saɓa, ita kuma tana da goyo da sana'a, ba za ta iya barin gida wata guda ba. Yaron na san shi, hularsa ma ba ta kwana biyu a kansa. In ni ce, faranti ya fita daga lissafi, mai waya zan nema. Da shekararsa 12 ne, ko da likita ya ce ƙashin ne ya matse sosai, da na ce ta bar mini shi a nan hutun bana in riƙe mabuɗin da kaina. Na kuma ce ta koma ta yi wa likita tambaya ɗaya kafin ta yanke: ƙashi ne yake so ya buɗe, ko haƙora yake so ya tura? In ya ce ƙashi, to maganata ta faɗi, tasa za a bi.

Ta koma da safe ta tambaya. Ya ce a irin bakin yaron mai waya zai wadatar, in bayan wata shida bai ga abin da yake so ba sai a sake shawara. Aka sa masa ƴan robobin da ke raba turame don zobe ya sami wurin shiga, aka ba su ranar dawowa. Maigidanta ya ce zai haɗa zuwan da sarin kayan shagonsa, ya riƙa kawo yaron da kansa. Sirinjina na nan a cikin kwaba, na wanke shi na sa mata a jaka.